Motar Farko ga Matashi a Kano: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi

Duk lokacin da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, sai tambayoyin nan su dawo. Wani ɗansa ya samu sabuwar BUK a Titin Gwarzo, gida kuma yana Hotoro, kullum sai ya hau adaidaita sahu biyu ko uku kafin ya isa aji. Wata 'yarta ce ke dawowa daga makaranta bayan magariba. Wani kuma so yake yaron ya ɗauke masa kai ƙanne makaranta da kai Hajiya unguwa. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su da abin da na gani a shekarun da na yi ina zirga-zirga tsakanin garejin kanikawa da filayen dillalai.

Yarona shekararsa 16, amma wallahi ya fi ni iya tuƙi. In saya masa?

A dakata tukuna, Alhaji. Doka ba ta ba da lasisin tuƙi ga wanda bai cika shekara 18 ba, duk lasisin da aka yi masa kafin nan kuwa ta ɓarauniyar hanya aka bi. Yaron da ya iya juya mota a filin idi, ko ya yi ribas ya shiga gareji bai goga bango ba, hannu ya iya. Titi karatunsa daban. Sai an daɗe a kansa ake sanin cewa mai adaidaita sahun da ke gaba zai iya tsayawa cak ba sigina don ya hango fasinja, ko kuma idan ƙwallo ta gangaro kwalta akwai yaro a bayanta da gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A Amurka, inda ake ƙididdige komai, direba ɗan shekara 16 zuwa 19 ya kusa ninka wanda ya haura 20 sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai, idan aka auna da nisan tafiyar da kowannensu ya yi. Kuma ranar da yaro marar lasisi ya buge wani, kamfanin inshora zai zame, kai za a nema.

Idan ya cika 18, a sa shi a makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, ya karɓi takardar lana, jami'an duba motoci na VIO su gwada shi, a ɗauki hotonsa da yatsunsa, a ba shi lasisin shekara 3 ko 5.

To wace mota ce ta fi dacewa?

Wadda kowane bakanike a bakin titi ya san cikinta, kayanta kuma suna zube a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Da wannan ma'aunin nake auna kowace mota, kuma Toyota Corolla ce ke fara tsallakewa.

Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana da inji 1.8 mai silinda huɗu, tankinta lita 50. Sarƙa ce ke riƙe da taimin ɗinta ba bel ba, don haka an huta da fargabar tsinkewa a tsakiyar hanya. Ba ta da ƙarfin da zai ruɗi yaro, ba ta kuma da kyan da zai sa abokai su riƙa zuga shi. Aibinta uku ne. Wasu daga cikin na farko-farkon suna shan baƙin mai idan sun tsufa. Ba dukkansu ke da birki mai ABS ba, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an danne birki. Sannan kowa na son ta, har masu haya, shi ya sa ba ta da arha kamar yadda shekarunta suka nuna. Amma ranar da aka tashi sayarwa ba ta kwana a hannu. Ɓarayi ma sun san da haka, a sa mata abin tsaro tun makon farko.

Idan aljihu ya kai, ta 2010 zuwa 2013 ta fi. Daga 2010, duk Corolla da aka yi don kasuwar Amurka tana zuwa da na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa a kwana, ga ABS. Wa ya fi sabon direba buƙatar wannan?

Sai Vibe, wadda ta cika titunan Kano. Sunan Pontiac ne a jikinta, amma inji da giyar Toyota ne, tagwayen Matrix ce, a wata masana'anta ta haɗin gwiwar Toyota da General Motors a Kalifoniya aka ƙera ta. Ta ɗan fi Corolla tsayi daga ƙasa, abin da ke da amfani a lungunanmu da damina, bayanta kuma na ɗaukar kaya. A nemi mai inji 1.8 wadda ƙafafun gaba kawai ke ja. Mai jan ƙafa huɗu ta fi shan mai, ta fi kuma yawan abin gyara. A tuna an daina yin Pontiac tun 2010, don haka fitila da bamba sai dai na hannu.

Yaris ma ba laifi ga mai yawon cikin gari kaɗai. Camry kuwa ta yi wa sabon hannu girma a cunkoson Kantin Kwari, tankinta lita 70, kuma ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, wadda ake kira Muscle, ta yi suna wajen shan baƙin mai.

Honda fa? Mu gidanmu Honda muka sani.

Kanawa da Honda sai Allah. Injin Accord mai silinda huɗu, irin na wadda ake kira EOD, inji ne mai juriya, Civic ta 2006 zuwa 2011 kuma ba ta shan mai. Matsalar tana ƙafa. Duk mai bin titunan garin nan ya taɓa ganin Honda a gefen hanya ta durƙusa, tayar gaba ta lanƙwashe ta shige ciki. Boljoyin ne ya fita. Ba haka kawai yake fita ba, yana yin ƙara, sitiyari yana yin nauyi, tsohon direba zai ji ya kai gareji. Yaro ɗan shekara 18 da ya ƙure sautin rediyo ba zai ji ba. In dai Honda za a saya, a sake boljoyin da tayarod da kaya masu kyau tun ranar farko, a riƙa ɗaga ta ana dubawa duk lokacin juye. Mai V6 kuma a bar ta, ga ƙarfi fiye da kima, ga giyarta ta atomatik mai yawan laulayi.

Akwai 406 a gida, in gyara masa ita?

In jikinta da sauran ƙwari, gyara masa. Peugeot motar Arewa ce, a Kaduna aka daɗe ana haɗa ta, kanikawanta suna ko'ina, kuma tana da daɗi a hanya. Sai dai ta tsufa, tun 2004 aka daina yin 406 a Turai. Taimin ɗinta bel ne, in ya tsinke yana lanƙwasa bawul, aikin ya zama na buɗe kan inji. A sake shi kafin a miƙa makulli, a kuma kai ta wurin mai waya ya bi ta tsaf, don nan take yawan ba da ciwon kai.

Shi ya dage sai Marsandi, wai abokansa duk ita suke hawa.

Kuɗin sayen tsohuwar Marsandi daban, kuɗin riƙe ta daban, kuma na biyun ne ke karya mutum. Abin da za a gyara ƙafar Corolla gaba ɗaya da shi, wani sa'in na'ura guda zai saya a Marsandi. Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Yawancinsu ƙafar baya ke ja, ga ƙarfi, su ne ake wasan mota da su a wurin biki ana juyi ana ta da ƙura, jama'a na ihu. Yaron da aka ba irin wannan mota an ba shi har da masu zuga shi. A gaya masa gaskiya: wannan ta koyon titi ce, wadda yake so ya saya da guminsa.

'Yar Beljiyom ko ta hannu?

Da can ba a ma tambaya, kowa ya san wadda aka sauke daga jirgi ta fi. Daga 2023, da aka cire tallafin mai darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin shigo da mota ya yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa suka koma ta hannu. Ni ban ga aibu a nan ba. Kalmar Beljiyom ba shaidar lafiya ba ce. Da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka a wurin gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye aka sayo su, aka gyara a Legas ko Kwatano, aka fesa fenti. Idan aka sa lambar casis a intanet, sau da yawa har hotunan motar ranar gwanjon ana gani, da gabanta a murƙushe.

Motar da ta fi kowace ita ce ta mutum guda da ka sani, ma'aikaci ko malamin makaranta da ya riƙe ta shekaru yana yi mata juye a kan lokaci, zai sayar don ya canza. Wadda za a guje wa ita ce wadda ta yi haya, Kano zuwa Kaduna ko Kano zuwa Katsina. Ba ta ɓuya: kujerun baya sun lotsa, marfin ƙofofi sun saki, robar birki da totur ta cinye har ƙarfe ya fito, amma agogo na nuna tafiya kaɗan. Agogo ana mayar da shi baya, robar ƙafa ce ba ta ƙarya. A lura kuma, agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, mil guda kilomita 1.6 ne.

Me zan duba kafin in biya?

Bara na raka wani maƙwabcina duba wata Corolla da zai saya wa 'yarsa. Ƙarfe takwas na safe muka isa filin. Mota fes, an wanke har inji, an shafa wa tayoyi mai suna sheƙi. Dillali ya tare mu da fara'a: "Alhaji, wannan mace ce ke hawa, daga gida sai ofis." Na ɗora tafin hannu a kan bonet, na ji shi da ɗumi. Wa ya tashe ta da sassafe, kuma don me? Muka ce za mu yi shawara. Washegari muka dawo bayan sallar asuba ba tare da mun sanar ba, muka jira yaron filin ya kawo makulli. Da aka murza, sai da ta yi tari sau uku, ta kama da kaɗawa, salansa ta busa hayaƙi shuɗi har ya rufe motar baya. Bakanikenmu ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, sai ga busasshen taɓo, ƙarafan kujera duk tsatsa. Ruwa ya taɓa shanye ta. Muka yi godiya muka tafi.

Don haka a fara ganin mota da sanyin inji. Hayaƙi shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai, ringi ya tafi. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga inji, gaskit ya ƙone. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu kamar kindirmo a jikinsa, maganar ɗaya ce. A zaro sandar man giya a shinshina, in yana warin ƙuna kuma ya yi baƙi, giyar na kan hanyarta.

A murza makulli ba tare da an tayar ba. Fitilun gargaɗi na gaban direba, na inji da na ABS da na jakar iska, dole duk su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta. A sa mata kwamfuta, duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin sawa a ƙarƙashin sitiyari. A leƙa ƙasa a ga ko indomi ɗinta na nan, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, don ana yanke ta a sayar. A bi jikinta da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika da fila. A duba tazarar ƙofofi da bonet, in gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi ta sha duka.

Akwai kuma ɗaga shekara: a sauya fitilu da bamba, motar 2005 ta koma kamar ta 2008. Lambar casis harafi 17 ce, a motar Amurka na goma shi ke faɗin shekara. Lamba 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A kuma 2010, B 2011.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagaye layi ɗaya. A kunna AC a shiga cunkoson Bata da rana tsaka, ido na kan allurar zafi. Sannan a fita Titin Zariya a ɗan taka ta, a ji yadda giya ke shiga, a taka birki a ga ko tana ja gefe. Kuma bakaniken ya zama naka, ka biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba. Wanda ladansa ya rataya a kan ciniki ya faɗa, kowace mota lafiyayya ce a wurinsa.

Atomatik ko manuwal?

Ya koya da manuwal, ya hau atomatik. A cunkoson Kano sabon direba na da abin kallo da yawa, ba sai an ƙara masa kuloci ba. In 406 ce, manuwal ɗin ta fi.

Waɗanne takardu zan nema?

Takardar kwastan ita ce uwa. A watan Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin kan tudu, amma ba a daina ba, kuma motar da ba a biya mata haraji ba ana iya ƙwace ta a hanya ko hannu nawa ta canza. A kai takardar ofishin kwastan da ke Bompai a tantance kafin kuɗi ya fita. Sai shaidar mallaka, lasisin mota, takardar cancantar hawa titi, da inshora. Lambar casis da ke takarda ta zama ita ce a jikin mota, harafi da harafi. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a ɗauki hoton katin shaidar mai sayarwa, a biya ta banki don a samu shaida, a yi canjin suna ba da jinkiri ba. La'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a fara taya mota.

Inshorar dole, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, naira 15,000 ce ga motar gida tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Ta bogi ta yi yawa a bakin ofisoshin lasisi. A sa lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID a intanet, in ba ta fito ba, takarda ce kawai aka sayar maka. Baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda, ni kuwa a motar yaro cire shi zan yi, ya rage masa tsayawa a hannun jami'ai, ya kuma bar mutanen unguwa su riƙa ganin wa ke ciki.

Taya ta hannu ba ta isa ba? Sabuwa ta yi tsada.

Nan ne ba a yin tsumulmula. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. In an ga 2322, an yi ta a mako na 23 na 2022. FRSC na ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara 4 da yin ta, ko da zanenta bai cinye ba. A zafin Kano na watan Afrilu, da ma'auni ke haura 40, tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi fashewa take, sabon direba kuma abin da zai fara yi shi ne danne birki, abin da ke kifar da mota ke nan. Gara a sayi mota mai araha a sa mata sababbin tayoyi huɗu.

Jakar iska ma a tambaya. Wasu motocin da suka yi haɗari ana rufe gurbin ne babu komai a ciki. Sannan Corolla da Vibe da Honda na shekarun da na ambata suna cikin miliyoyin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iskar kamfanin Takata, mai fashewa da ɓaraguzan ƙarfe. Binciken lambar casis na nuna ko an sauya ta kafin motar ta baro can.

Nawa zan ware?

Farashi na bin dala, na wannan watan ba shi ne na wata mai zuwa ba. Shawarata, duk abin da ke hannu a raba shi biyar, a sayi mota da kashi huɗu, a riƙe ɗaya. Babu motar hannu da ba ta neman wani abu a watan farko: juye da filta, birki, taya, batir, wani sa'in shokazoba, ga canjin takardu.

A lissafa mai ma tun yanzu. A ce yaro na yin kilomita 40 kullum zuwa da dawowa, mota na shan lita 10 a kilomita 100 a cikin gari da AC. Lita 4 ke nan a rana, lita 88 a kwanakin karatu 22, kusan tankin Corolla biyu, ba a sa yawon Asabar da Lahadi ba. A zauna a yanke wa zai biya, kafin motar ta shigo gida.

Wani abu da zan roƙa: kada a bari bakanike ya cire na'urar daidaita zafin inji ya haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, sai ya ƙara shan mai. A zuba ruwan lagireto na gaskiya, mai launi, ba ruwan rijiya ba, wanda ke cinye lagireto da tsatsa.

Ni uwa ce, gabana faɗuwa yake. Wace doka zan kafa masa?

Hajiya, faɗuwar gaban nan tana da amfani. Da farko motar ta zauna da sunan mahaifinsa ko naki, ya san aro aka ba shi, ana iya karɓa. Watannin farko ba tuƙi bayan isha'i, ba fita wajen gari, ba shiga ayarin biki ko na kai amarya. Aboki ɗaya ya isa, don yaro shi kaɗai a mota daban yake da yaro mai 'yan kallo huɗu. Waya a aljihu, bel a ƙirji, har na wanda ke gefe. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne, ko da gadar sama ta yi masa fili. In ruwa ya cika titi a watan Agusta ya tsaya ya jira, kada ya bi sahun manyan motoci, inji na shaƙar ruwa ya mutu nan take. Ya riƙe lambar gaggawa ta FRSC, 122, in kuma 'yan KAROTA ko wani jami'i ya tsayar da shi, ya tsaya, ya gaisa, ya kira gida.

Ki riƙa sa shi ya kai ki unguwa, ki zauna a gaba. A tafiya uku za ki san irin direban da kika haifa. Mace ma haka, ba a rage mata komai, har canza taya da duba baƙin mai da safe a koya mata.

Idan ya goge ta fa?

Zai goge ta. Ko ƙofar gida, ko adaidaita sahu a shataletale, ko turken da bai gani ba yana ribas. In ba fitila ko madubi ba ne, kada a yi saurin kai ta wurin mai fenti, a bar tabon ya riƙa gani duk safiya. Bayan shekara a haɗa duka a gyara sau ɗaya, rabin kuɗin daga kuɗin kashewarsa.